Fure, Ƙuda da Baƙin Mayafi: Zayyana, Alamtarwa da Jigo a Gajerun Labaran Ingilishi



Muna godiya ga shugabannin reshe da suka keɓe wannan zama domin adabi. Mafi yawan tarukanmu a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho suke ƙarewa, kuma haka ya dace, domin malamin da yunwa ta sa a gaba ba zai iya tsayawa gaban allo da natsuwa ba. To amma ƙungiyar malamai tana da haƙƙi a kan sana'ar kanta, wato abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi bayan an rufe ƙofar aji. A wannan fage aka nemi mu yi magana a kan abubuwa uku da ke wahalar da ɗalibanmu a darasin adabin Ingilishi: zayyana, da alamtarwa, da jigo, kamar yadda suke bayyana a fitattun gajerun labarai na Ingila da Ayalan da Amurka.

Kalmomin nan uku ba baƙi ba ne ga abokan aikinmu masu koyar da Hausa, domin da su ake feɗe waƙa tun daga aikin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Zayyana ita ce hoton da marubuci ke zanawa da kalmomi har mai karatu ya ga abu, ko ya ji sautinsa, ko ya shaƙi ƙamshinsa, ko ya ji sanyinsa a jika. Alamtarwa kuwa ita ce a ɗauki abu guda da ido ke gani, a ɗora masa nauyin wata ma'ana da ta fi shi girma. Jigo shi ne abin da labarin ke faɗa game da rayuwar ɗan Adam bayan an gama jin abin da ya faru. Jerin da muka kawo su shi ne jerin da ya kamata ɗalibi ya bi: ya fara ganin abin, sannan ya auna nauyinsa, sannan ya kai ga jigo. Matsalar da muka zo tattaunawa ita ce an juya wannan jeri, an mai da ƙarshe farko.

Duk wanda ya taɓa duba takardun amsa na ɗaliban babbar sakandare ya san irin jimlolin da muke nufi. Ja alamar haɗari ce, fari alamar tsarki, baƙi alamar mutuwa, ruwan sama alamar baƙin ciki. Daga 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta ake haddace su, a juye su a kan kowane labari, ko sun dace ko ba su dace ba. Yaron da ya tashi a ƙasar da ake fita roƙon ruwa, wanda ya san murnar da ake yi ranar ruwan shuka, shi ne zai rubuta cewa ruwan sama baƙin ciki yake nufi, don kawai wani littafi ya ce haka. Asarar a nan iri biyu ce. A jarrabawar WAEC da NECO akwai sashen da ake ba ɗalibi rubutun da bai taɓa gani ba, kuma a can haddar ba ta da abin da za ta tsinana masa. Asara ta biyu ta fi muni, domin yaron yakan fita makaranta da imanin cewa karatun adabi wasan kacici-kacici ne wanda amsarsa ke ɓoye a aljihun malami.

Ɗalibanmu kuwa ba jahilan alamtarwa ba ne. Sun sha karin magana da habaici da kirari tun suna goye. Sun san cewa kura a tatsuniya haɗama ce da wauta, Gizo wayo ne da zamba, zaki mulki. Wannan gado jari ne, amma yana da tarko a cikinsa. A tatsuniya ma'anar dabba tsayayya ce, al'umma ta riga ta yanke ta tun kafin mai ba da labari ya ce ga ta nan ga ta nanku. A gajeren labari na zamani kuwa, marubuci shi ke gina ma'anar alamarsa daga farko, a cikin shafukan nan kaɗan, kuma in an fita daga labarin ma'anar ba ta biyo mu. Wannan bambanci shi ne darasin farko da ɗalibi ke bukata.

Ƙofa mafi sauƙin shiga ita ce "The Last Leaf" na O. Henry, wanda ya shiga littafinsa a 1907. Wata matashiya mai zane, Johnsy, tana kwance da ciwon nimoniya a wata unguwar masu zane a birnin Nuyok, tana ƙirga ganyayen wani tsiro mai yaɗo a bangon da ke fuskantar tagarta, ta kuma ƙudurta cewa ranar da ganye na ƙarshe ya faɗi ita ma za ta tafi. Tsohon maƙwabcinsu Behrman, wanda ya shekara arba'in yana zane bai yi abin kirki ba, ya fita cikin ruwa da sanyin dare ya zana ganye a bangon. Ta rayu, shi ya kamu da ciwon ya mutu. A nan tauraruwar da bakinta ta faɗi abin da ganyen ke wakilta, saboda haka ɗalibi ba ya ɓata. Labari ne mai kyau ga 'yan aji huɗu, kuma ba za mu daɗe a kansa ba, domin alamarsa a fili take kamar tuta.

Inda muke so mu zauna sosai shi ne "Odour of Chrysanthemums" na D. H. Lawrence. Ya kamata mu ji daɗin sanin cewa ɗan sana'armu ne: lokacin da ya rubuta labarin yana koyarwa a wata makarantar yara maza a Croydon, kudu da Landan. An haife shi a 1885 a garin Eastwood, mahaifinsa mahaƙin kwal ne, kuma a irin wannan gari ya kafa labarin. An fara buga shi a mujalla a 1911, ya sake gyara shi ya sa a littafinsa na 1914.

Abin da ya faru kaɗan ne. Elizabeth Bates, mace mai 'ya'ya biyu da ciki na uku, tana jiran mijinta Walter ya dawo daga ramin kwal da yamma. Bai dawo ba. Ta tabbata a ranta ya zarce gidan giya kamar yadda ya saba, tana ta tafasa da fushi, abincinsa yana bushewa a kan wuta. Dare ya yi, fushi ya fara gauraya da tsoro. Daga ƙarshe aka kawo gawarsa: rufin rami ya rufta ya toshe masa hanya, ƙasa ba ta taɓa jikinsa ba, iska ce ta ƙare masa. Ita da uwar mijin suka wanke shi, kuma a wurin wankan nan ta gane cewa duk shekarun da suka yi tare ba ta taɓa sanin mutumin ba, shi ma bai san ta ba.

Yanzu mu bi sawun furen. Kirisantimam fure ne da ke buɗewa a ƙarshen kaka a Ingila, lokacin da sauran furanni sun riga sun mutu, sanyi yana gabatowa, kuma ƙamshinsa mai ɗaci-ɗaci ne, ba irin na wardi ba. Wannan bayani dole malami ya bayar, da hoto in ya samu, domin ɗalibin da bai san abin ba ba zai auna nauyinsa ba. Farkon ganinmu da furen, yana gefen hanyar gida a yamutse, ɗanta ƙarami yana tsinkar shi yana watsarwa. Ta tsawata masa, amma ita kanta sai ta karyo reshe, ta kai shi fuskarta, ta soke a ɗamarar ƙyallen aikinta, wato daidai kan cikin da take ɗauke da shi. Da aka kunna fitila, 'yarta Annie ta ga furen ta yi murna, tana shaƙa tana yabon ƙamshi. Uwar ta cire shi, ta gaya mata cewa ita ƙamshin bai mata daɗi, domin wannan fure aka yi ado da shi ranar aurenta, shi ne ranar da aka haifi yarinyar, kuma ranar farko da aka ɗauko mijinta a buge, shi ne soke a gaban kwat ɗinsa. Sai kuma a ɗakin baƙi mai sanyi inda za a shimfiɗe gawar: akwai kwalabe biyu na furen, ɗakin ya cika da ƙamshinsa, kuma ɗaya daga cikin masu ɗauke da makara ya ture kwalba guda ta fashe. Kafin Elizabeth ta dubi fuskar mijinta, sai da ta durƙusa ta tsince gilashin ta goge ruwan.

Littafin taƙaitawa zai ce furen alamar mutuwa ce, ya wuce. Ɗalibin da ya rubuta haka bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da kashi uku cikin huɗu na abin da aka ba shi. Furen ya halarci aure, ya halarci haihuwa, ya halarci wulaƙanci, ya halarci mutuwa. Duk lokacin da ya sake bayyana yana ɗauke da kayan da ya kwaso a baya, har ya zama tarihin auren gaba ɗaya a dunƙule cikin ƙamshi guda. A kuma lura cewa matar da ta ce ba ta son furen ita ce ta tsinke shi ta kai fuska. Wannan saɓani tsakanin abin da bakinta ya faɗa da abin da hannunta ya aikata shi ne zuciyar labarin, kuma ba a samunsa sai an bi furen wuri bayan wuri da yatsa a kan shafi.

Akwai hanyar da za a kusantar da wannan ga ɗalibanmu ba tare da an ɗauke labarin daga Ingila ba. A tambaye su wane ƙamshi ne a gidajenmu yake halartar ɗakin amarya, ya halarci ɗakin mai jego, ya kuma halarci wurin da ake haɗa gawa. Ba za su daɗe ba za su ce turare. A sake tambayarsu: matar da ta shaƙi turare a waɗannan wurare uku, kuma aurenta bai yi daɗi ba, me za ta ji in 'yarta ta zo tana yaba mata ƙamshinsa? Daga nan a koma ga Elizabeth Bates. Kwatancen tsani ne kawai, in an hau sai a bar shi a koma ga kalmomin Lawrence.

Wani lokaci kuwa abin da ɗalibi ya sani daga gida shi ke tare masa hanya. Misali shi ne "The Minister's Black Veil" na Nathaniel Hawthorne, wanda ya shiga littafinsa Twice-Told Tales a 1837. Wata ranar Lahadi, limamin cocin wani ƙauye mai suna Hooper ya fito da baƙin mayafi a fuska, ya rufe komai sai baki da haɓa, ya yi wa'azi a kan zunubin ɓoye. Bai ƙara cire shi ba. Ya je jana'izar wata budurwa da shi, ya je ɗaurin aure da shi a daren ranar, inda ya hango kansa a madubi ya firgita ya fita da gudu. Wadda zai aura, ita ma Elizabeth, ta roƙe shi ya ɗaga sau ɗaya kawai, ya ƙi, ta bar shi. Ya tsufa a haka, mutane suna tsoronsa amma masu gargarar mutuwa suna kiransa. A kan gadon ajalinsa ya ce yana ganin irin wannan mayafi a kowace fuska da ke kewaye da shi, aka kuma binne shi da abinsa.

A ajinmu, rufe fuska ba abin firgita ba ne. Ɗalibi ya san niƙabi a matsayin sutura da kamun kai, ya san amawalin sarki a matsayin kwarjini, ya ga Buzaye maza da rawaninsu har hanci. In malami bai tsaya ya bayyana ba, yaron zai yi mamakin me ya tayar wa mutanen ƙauyen da hankali. Wajibi ne a gaya masa su wane ne 'yan Furitan da suka zauna a arewa maso gabashin Amurka tun ƙarni na 17, mutanen da ke sa ido a kan halin juna, suna ɗaukar fuskar mutum shaidar abin da ke zuciyarsa. Hawthorne jikansu ne, kuma ɗaya daga cikin kakanninsa yana cikin alƙalan shari'ar maita ta garin Salem a 1692. A irin wannan al'umma, limamin da ya ɓoye fuska tamkar ya tuhumi kowa ne ba tare da ya ambaci suna ba.

To mene ne mayafin ke wakilta? Edgar Allan Poe, da ya yi sharhin littafin a 1842, ya karkata ga cewa akwai wani laifi da ya haɗa limamin da budurwar da aka binne. Wasu sun ce zunubin da kowane ɗan Adam ke ɓoyewa ne. Wasu kuma sun ce girman kai ne na mai ganin ya fi kowa tsoron Allah, har ya sadaukar da matar da ke ƙaunarsa saboda ƙyalle. Mu mun fi karkata ga na ƙarshen nan a haɗe da na biyu, domin Hooper ya faɗi gaskiya game da mutane amma hanyar da ya bi ta raba shi da su har abada. Sai dai Hawthorne bai yanke hukunci ba, kuma da gangan ya ƙi. Ɗalibin da ya kawo ɗaya daga cikin fassarorin nan ya kafa hujja daga labarin ya cancanci makinsa, ko da ba ita ce ke rubuce a takardar malami ba. Mun san wannan magana tana da nauyi ga wanda ke da takardu ɗari biyu a gabansa da jadawalin maki guda, amma ba mu ga wata mafita da ta wuce ta ba.

Labarin da ya fi duka tsayawa a maƙogwaro shi ne "The Fly" na Katherine Mansfield, 'yar ƙasar Nuzilan da ta yi rayuwar rubutunta a Ingila da Turai. An buga shi a 1922, ta rasu da tarin fuka a farkon 1923 tana da shekara 34. Ƙanenta Leslie ya mutu a 1915 a Beljiyam lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gurneti ya fashe a hannunsa wurin atisaye. Labarin bai fi shafi biyar ko shida ba, ana iya karanta shi a bayyane cikin minti goma sha biyar.

Wani attajiri a Landan, wanda ba a ba shi suna ba sai dai maigida, yana alfahari da sabon kafet da sababbin kujerun ofishinsa a gaban tsohon abokinsa Woodifield da ciwo ya raunana. Cikin hira, tsohon ya ambata cewa 'ya'yansa mata sun je Beljiyam sun ga kabarin ɗan'uwansu, sun kuma ga na ɗan maigidan kusa da shi. Shekara shida ke nan da mutuwar yaron, ɗa tilo da aka gina kamfanin dominsa. Da baƙo ya tafi, maigida ya ce kada a shigo masa na rabin sa'a, ya zauna da niyyar yin kuka. Kukan ya ƙi zuwa. Sai ya ga ƙuda ya faɗa kurtun tawada. Ya tsamo shi da alƙalami, ya aza a takardar tsotse tawada, ya zuba ido yana kallon yadda yake goge ƙafafu da fukafukai. Da ƙudan ya gama ya shirya tashi, sai ya ɗigo masa tawada. Ƙudan ya sake farawa, maigida yana yaba jarumtarsa a zuci, ya sake ɗigowa. A ɗigo na uku ƙudan bai ƙara motsi ba. Ya jefa shi kwandon shara, wani irin ƙunci ya kama shi, ya kira masinja ya kawo sabuwar takarda, sannan ya nemi tuna abin da yake tunani kafin ƙudan, ya kasa.

Wane ne ƙudan? Ana iya cewa samarin da manya suka tura yaƙi ne, suna fita daga wannan bala'i ana jefa su cikin wancan. Ana iya cewa baƙin cikin maigidan ne da kansa, wanda ya kashe da hannunsa. Ana iya cewa marubuciyar ce, da ciwo ke kayar da ita duk lokacin da ta miƙe. Akwai kuma masu jin amon wani baiti na wasan King Lear na Shakespeare, inda aka kwatanta mutane a hannun ƙaddara da ƙudaje a hannun yara marasa tausayi. Kowace fassara tana da gindi a labarin, kuma babu wadda ta cinye sauran. Abin da muke so ɗalibi ya fara yi, kafin duk wannan, shi ne ya kalli ƙudan a matsayin ƙuda. Mansfield ta ba da layuka masu yawa tana zayyana yadda ƙafa ke bin fiffike sama da ƙasa, kamar mai wasa lauje da dutse. Saboda mun ga wahalar wannan aiki da idonmu ne ɗigon tawada na biyu yake mana zafi. In da ta ce kawai ƙuda ya faɗa tawada ya mutu, da babu wata alama da za ta tsaya. Zayyana ce ke ɗauke da alamtarwa, kamar yadda ginshiƙi ke ɗauke da azara.

A nan ya dace mu ja kunnen juna game da kishiyar matsalar, wato farautar alama a inda babu ita. "Araby" na James Joyce, daga littafin Dubliners na 1914, ya sha wannan wahala a hannun masu sharhi. Labarin yaro ne a Dublin da ya kamu da son yayar abokinsa, ya yi mata alkawarin tsaraba daga wata kasuwar baje koli, kawunsa ya dawo gida a makare da kuɗin, ya isa ana rufe rumfuna ana kashe fitilu, ya tsaya cikin duhu yana jin kunyar kansa. Haske da duhu suna bin labarin daga farko har ƙarshe: titin da ba ya ɓullewa, gajerun ranakun hunturu, hasken fitila a wuyan yarinyar, duhun zauren kasuwa. Wannan zare ne na gaske, ana iya binsa. Amma akwai itacen tuffa a bayan gidan da wani tsohon famfon keke mai tsatsa a ƙarƙashin ciyayi, kuma an sami masu cewa lambun Adnin ne da macijinsa. Itacen muna iya karɓa da ɗan jinkiri. Famfon kuwa, a ganinmu, famfo ne, an sa shi domin mu ji tsufa da sakacin gidan da wani fada ya mutu a ciki. Ma'aunin da za mu ba ɗalibi mai sauƙi ne: shin abin ya maimaitu, shin marubuci ya tsaya a kansa fiye da bukatar labari, shin ya bayyana a wurin da al'amura ke juyawa? In amsar duka a'a ce, a bar shi ya zama kayan ɗaki.

Saura jigo. Ɗalibanmu sun saba ba da shi da kalma ɗaya: soyayya, mutuwa, al'ada. Kalma ɗaya fage ce kawai, jigo kuwa magana ce cikakkiya wadda za a iya yarda da ita ko a musa. "The Lottery" na Shirley Jackson ya dace da koyar da wannan. Ya fito a mujallar The New Yorker a watan Yuni na 1948, kuma ya jawo ɗaruruwan wasiƙu, yawancinsu na fushi, har wasu suka daina sayen mujallar. A wani ƙauyen Amurka mai mutane kamar 300, ana taruwa kowace shekara ranar 27 ga Yuni a ja ƙuri'a daga wani baƙin akwati, cikin raha da hirar gona. Wanda takarda mai ɗigon baƙi ta faɗa wa, sai a jefe shi da duwatsu har lahira. Akwatin ya tsufa, ya tsattsage, launinsa ya koɗe, kowace shekara ana zancen sabuntawa ba a yi. An manta addu'o'in da ke tare da bikin, an sauya guntayen itace da takarda, amma ba a manta da duwatsu ba.

Ɗalibin da ya ce jigon shi ne al'ada bai ce komai ba tukuna. In ya bi akwatin zai iya cewa mutane sukan riƙe ɓangaren al'ada mai cutarwa bayan sun manta dalilinta. In ya bi Tessie Hutchinson, wadda ta zo a makare tana barkwanci, ba ta ga aibun ƙuri'ar ba sai da ta faɗa gidanta, har ta nemi a sa 'yarta mai aure cikin masu ja domin a rage mata haɗari, zai iya cewa mutum ba ya kiran abu zalunci sai ranar da ya zo kansa. Jimlolin nan biyu jigogi ne, kuma kowace daga wani abu da ido ya gani a labarin ta tsiro. Muna ba da shawara a karanta wannan labari da manyan ɗalibai kawai, a kuma bar su su kawo misalan kansu in sun ga dama, kada malami ya riga su nuna yatsa ga al'adar kowa.

Za a ce gajerun labaran nan ba sa cikin jerin littattafan da hukumomin jarrabawa suka wajabta, kuma lokaci bai isa ko ga waɗanda aka wajabta ba. Gaskiya ne. Amma Poe, a sharhin nan nasa na 1842, ya kafa hujjar cewa ƙarfin gajeren labari yana cikin karanta shi a zama ɗaya, ba tare da harkokin duniya sun katse shi ba. Darasinmu na minti arba'in zama ɗaya ne. Littafi mai shafi ɗari uku yakan ɗauki zango guda, kafin a kai ƙarshe an manta farko, ɗalibi bai taɓa ganin alama ta tashi daga haihuwarta zuwa cikarta ba. A "The Fly" zai ga haka kafin a kaɗa ƙararrawa. Labari biyu ko uku a zango sun isa su koya masa bin sawu, kuma da wannan ƙwarewa zai shiga manyan littattafan da sashen rubutun da bai taɓa gani ba.

Abin da ya rage shi ne takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Hawthorne ya rasu a 1864, O. Henry a 1910, Mansfield a 1923, Lawrence a 1930, Joyce a 1941, saboda haka labaransu biyar da muka ambata an sake su, kowa na iya bugawa ya raba, kuma suna nan a intanet kyauta. Jackson ta rasu a 1965, nata labarin yana ƙarƙashin kariya tukuna, sai a nemi littafin da aka buga bisa ƙa'ida a ajiye a laburare. Roƙonmu ga shugabannin reshe shi ne a kafa ɗan ƙaramin kwamiti na malaman Ingilishi da na Hausa tare, su haɗa labaran nan biyar a ƙasida guda, da hoton furen kirisantimam da na ramin kwal da na kurtun tawada irin na ofisoshin wancan zamani, da gajeren bayani a kan wuri da lokaci, ba tare da an rubuta ma'anar ko alama ɗaya ba. Kwafi arba'in ga kowace makaranta za su wadatar da aji guda in ɗalibai suka zauna bibbiyu, a tattara bayan darasi a kai aji na gaba. Muna fatan za a sa wannan cikin ajandar zaman majalisar reshe mai zuwa, tare da ƙiyasin kuɗin bugu.